Kuɗin Saki

Baba Ɗantani ya yi fito a Binuwai shekara arba'in da ɗoriya,
daga gaɓar Garwa zuwa tsallake,
da buhunan albasa, da awaki, wata rana har da babur.
Ni ke zama a gindin jirgi ina kwarfe ruwa da ƙoƙo,
ina kallon damtsensa yana tasowa kamar gwaza a kunya
duk sa'ad da ya kafa gora a yashi ya tura.

Na tambaye shi me ke ciki.
Ya ce, tuwo.

Bai yi ƙarya ba.
Sauran zancen a makarantar jinya na same shi.
Madubin ya nuna mini ratsi-ratsi kawai, kamar na saƙi,
abin da ya fi ƙarfin madubi Malama Dudu ta zana a allo:
zare cikin zare cikin zare,
siriri sunansa aktin, kakkaura mayosin,
suna kwance gefe da gefe kamar jirage a mashaya,
kakkauran da kawuna birjik, kowane kai hannu ne
mai jiran a ba shi wurin kamawa.

Amma wurin a rufe yake.
Akwai wani tsumagiya kwance a kan siririn zare,
mai gadin da ba ya motsawa don lallashi.
Sai saƙo ya gangaro ta jijiya daga ƙwaƙwalwa,
rumbun kalsiyam ya ɓalle,
ya kwararo, ya taɓa mai gadi, mai gadi ya mirgina gefe.
Ta ɗaga allin da ke hannunta ta ce, wannan ma danginsa ne.

Daga nan sai aiki.
Kai ya cafka, ya tanƙwara, ya ja,
ya saki, ya miƙe, ya cafki gaba.
Ba tare suke ja ba, da igiya ta suɓuce:
wasu na riƙe, wasu na saki,
kamar mutanen unguwarmu ranar da jirgin Alhaji Bakari ya kafe.
Babu zaren da ya gajarce ko da ƙwayar gero,
shigewa juna suke yi,
ɗaki ya matse, dubun dubatar ɗakuna su matse,
sai ga gora ta lanƙwasa, sai ga Garwa tana ja da baya.

Abu guda na rubuta a gefen takarda na ja masa layi biyu.
Kan da ya kama ba ya saki
sai ƙwayar ATP ta zo ta zauna masa,
ita ce tuwon, bayan jiki ya gama canjinsa.
Ashe saki ma da kuɗinsa.
Na yi dariya a aji, na ce wannan ai halin 'yan kasuwa ne.

Daren da ya cika ina aikin kwana a Marwa.
Motar asuba ta kawo ni hantsi ya yi,
sun jira ni da wanka.
Na tarar da hannunsa na dama a dunƙule,
da rami a tsakiya daidai kaurin gora.
Liman ya ce, bi shi a hankali.
Na san sunan abin, na ci jarrabawa a kansa:
rumbu ya zube, wurin kamu ya buɗe, kawuna sun cafka,
mai biya kuwa ya tashi daga kasuwa.
Sanin bai sa yatsun sun yi laushi ba.
Na bi su ɗaya-ɗaya da ruwan ɗumi,
ɗan yatsa, na zobe, na tsakiya,
manuniya ta fi gardama.

Yanzu mutane gada suke bi.
Jirgin na kife a bakin ruwa, yara na tsalle a kansa.
Gorar na jingine a zaure,
wurin riƙonta ya yi santsi, ya yi baƙi.
Jiya na ɗauka zan ba Jauro mai kamun kifi, ya daɗe yana roƙo.
Na kai har ƙofar gidansa.
Ya miƙo hannu, ya jira, ya dube ni,
ya ce, to, ko sai gobe?